An fito wanka, tawul bai bushe ba: da me za a goge jiki?



Makon da ya wuce sai da muka jera kwana huɗu a nan Legas rana ba ta leƙo ba. Ruwa ya ɗauke da safe, kafin a gama shanya ya dawo. Duk gidan da ka shiga a unguwarmu ta Agege za ka tarar an ɗaure igiya daga taga zuwa ƙusar ƙofa, kaya sun cika ɗaki, fanka tana ta kaɗa su idan an yi sa'a akwai wuta. Riguna sukan bushe ko da daƙyar, zannuwa ma haka. Wanda ba ya jin lallashi shi ne tawul. Sai ya kwana biyu a rataye, ka taɓa shi ka ji sanyi, ka shinshina ka ji wannan bashin da kowa ya sani.

Cikin waɗannan kwanaki ne wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki, yara uku na biye da ita. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini fankon wani man shafawa da aka matse har ya lanƙwashe, ta ce, "Malama, irin wannan za a ƙara mini." Na tambaye ta na nawa ke nan, ta ce na uku. Na ce to bari in ga abin da ake shafa wa. Babbar tana da wani zagayayyen tabo a wuya, gefensa ya yi tudu yana ɓarewa, tsakiyarsa kuwa kamar ta warke. Na tsakiyan nasa biyu ne, duk a cinya. Na ƙaramin a ka yake, gashin wurin ya kakkarye ya bar fili kamar faɗin murfin kwalba. Makero ne, ba sai an yi dogon bincike ba.

Na ce, "Maman yara, da me kike goge musu jiki idan sun yi wanka?"

Ta ce, "Da tawul mana."

"Tawul nawa?"

Ta yi dariya. "Haba Malama, yara uku uwa ɗaya uba ɗaya, kowa sai da nasa? Na babansu ne, babba ne, yana isar su duka."

Na tambaye ta ko yana bushewa kafin wankan gobe. Ta ce a wannan daminar ina zai bushe, a bayan ƙofa yake kwana. Da na ce mata lallai a daina amfani da shi sai an wanke shi da ruwan zafi ya bushe ƙayau, sai ta dube ni ta yi mini tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan: "To yau da dare da me zan goge su? Ko in jera su a tsakar gida su bushe kamar kwanuka?"

Tambayarta tana kan hanya, kuma ba ita kaɗai take da ita ba. Wanda ya je baƙunta, da mai jinya a asibiti, da ɗalibar makarantar kwana, da direban da ya sauka a masauki a Ore ko Fatakwal, kowa ya taɓa tsayawa a banɗaki ruwa na ɗiga a jikinsa yana tunanin abin yi. Amsata a taƙaice ita ce, tawul ba dole ba ne. Abin da fata take bukata shi ne ta bushe, kuma abin da zai busar da ita ya kasance wankakke, busasshe, wanda ba a goge wani da shi ba. Tawul mai laima da ya bi jikin mutum huɗu bai cika ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Da a yi amfani da shi gara a fito haka nan.

Dalilin yana cikin saƙar tawul ɗin kansa. Ku duba shi da kyau, za ku ga 'yan ƙananan madaukai na zare dubbai a tsaitsaye. Su ne suke sa shi shan ruwa da yawa, su ne kuma suke hana shi sakin ruwan da wuri. Duk gogar da aka yi, yana kwasar matacciyar fata da maiƙon jiki da ragowar sabulu ya ajiye a tsakanin madaukan nan. Ga abinci, ga laima, ga ɗumin ɗaki: babu abin da ƙwayoyin cuta suke nema da ya wuce wannan. Bashin da muke ji ba warin ruwa ba ne, aikin ƙwayoyin ne. A Kano lokacin hunturu, inda laimar iska take sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, za ki shanya tawul da safe kafin azahar ya bushe har ya yi tauri. A Legas cikin damina laimar takan haura kashi 80, iskar kanta a ƙoshe take, ba ta da wurin karɓar ruwan tawul ɗinki. Yawancinmu mun taso da tsarin da ya dace da Arewa, muka kwaso shi muka kawo Kudu ba mu sake masa fasali ba.

Ba kowace cuta ce tawul yake ɗauka ba, kuma ina so a bambance, don ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Makero yana ɗauka, wannan babu tantama. Ƙwayar da ke kawo shi dangin fumfuna ce, tana cin saman fata da gashi da farce, kuma irinta yakan daɗe a raye a jikin ƙyalle, da mataji, da hula, da askar wanzami. 'Yar uwarta ce take kawo cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa da ƙaiƙayin matsematsi, shi ya sa mutum yakan ɗauko ta daga ƙafarsa ya kai ta cinyarsa da hannunsa, da tawul ɗinsa na kansa. Maruru ma yana bin tawul. Ƙwayar da ta fi kawo shi, wadda ake kira Staphylococcus aureus, kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta dame shi ba, amma idan ta samu ƙurji ko yankan aski a jikin wani sai ta shiga. Gidan da maruru yake zagayawa, wannan ya warke wancan ya ɗauka, ina fara tambayarsu tawul kafin in tambaye su abin da suke ci.

Sai ciwon idon nan da muke kira Apolo. Ya samo sunan ne domin ya ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata. Hannu da hankici da tawul su ne motarsa, kuma yana iya gama gida cikin mako guda. Tun da na ambace shi bari in roƙi arziki: kada a ɗiga wa ido ruwan sukari, ko fitsari, ko ruwan nono, ko ruwan albasa. Yawancin Apolo yana tafiya da kansa, abin da ake ɗigawa ne yake barin tabo. Ƙazuwa kuma ta fi yaɗuwa ta hanyar kwanciya jiki da jiki, amma ƙwaronta yana iya yin kwana biyu zuwa uku a kan zanin gado ko tawul, don haka idan ana maganinta sai an haɗa da su.

Wanda ake zalunta shi ne mai kyasbi. Sau da yawa nakan ji uwa tana cewa 'yarta ta ɗauko kyasbi a tawul ɗin wance. Ƙwayar kyasbi tana zaune a fatar kusan kowane baligi, zafi da gumi da maiƙo ne suke sa ta yi yawa a jikin wani ta bar wani. Haka nan cutar HIV ba ta bin tawul. Na taɓa ganin an ware wa wata mata kwanonta da bokitinta da igiyar shanyarta saboda wannan tsoro, abin ya tsaya mini a rai. Kowa ya riƙe abin goge jikinsa, wannan ƙa'ida ce ta kowa da kowa, ba hukunci ba ne a kan mutum ɗaya.

To yanzu ga ki a banɗaki, kin gama wanka, babu tawul mai tsafta. Abu na farko yana tare da ke: tafin hannu. Kafin ki nemi kowane ƙyalle, ki share ruwan da hannu daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ake share ruwa a kan tebur. Ki matse gashi, ki bi kafaɗa da hannuwa, ƙirji da ciki, sannan cinya zuwa idon sawu. Minti ɗaya ya isa. Za ki yi mamakin yawan ruwan da zai sauka, abin da ya rage kuma ɗan ƙaramin ƙyalle ma zai ɗauke shi. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana Maimuna, Allah ya ƙara mata yarda, ta kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙyalle bayan ya yi wanka, bai karɓa ba, ya share ruwan da hannunsa. Hukuncin goge jiki bayan wanka ko alwala na bar wa malamai, su ne masu fagen. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, wanda ya fito wanka bai taɓa tawul ba bai rage komai daga tsaftarsa ba.

Bayan hannu, babu abin da ya kai tsohon zani. Na ce tsoho da gangan. Sabuwar atamfa tana da sitaci da wani santsi na masaƙa, ruwa zamewa yake yi a kanta, sai ki yi ta gogawa kina tura ruwan daga nan zuwa can. Wadda ta sha wanki har ta yi laushi, launinta ya fara kwanciya, wadda kike shirin mayarwa tsumma, ita ce ake nema. Auduga ce, tana shan ruwa, kuma saboda ba ta da kauri ko a cikin ɗaki aka baza ta gaban fanka za ta bushe kafin wankan gaba. Wankinta ba ya cin sabulu, matsarta ba ta karya hannu. Kakanninmu da zani suka yi wanka suka goge jiki suka goyi 'ya'yansu, tawul baƙo ne a gidan Bahaushe. Ni kaina tun daminar da ta gabata na naɗe tawul-tawul ɗina na ajiye sai rani, zannuwa uku nake juyawa, kuma ban ga abin da na rasa ba sai wannan bashin.

Idan babu zani, wankakkiyar riga mai gajeren hannu ta auduga ko singileti suna yi, ga gashi ma sun fi tawul sauƙi don ba sa cukurkuɗa shi. Rigar matashin kai wankakkiya tana isar yaro ɗaya. Zanin gado yana isar babba har ya ɗaura ya fito da shi. Abin da ba ya yi shi ne duk yadin da roba ta yi yawa a cikinsa: rigar ƙwallo, leshi, mayafi mai santsi, hijabi mai sulɓi. Waɗannan jiƙewa kawai suke yi su manne a jiki. Tishu kuma a bar shi don fuska da lunguna, wanda ya ce zai goge jiki duka da shi zai fito da farin ɓurɓushi kamar an yi masa barbaɗen gari.

Ana yawan tambayata game da kayan da aka tuɓe. Mutum ya waiga babu komai, sai ya jawo rigar da ya cire. Idan rigar sama ce da aka sa na ɗan lokaci, ba ta sha gumi ba, kuma jikinka lafiya yake, to da babu gara ba daɗi, ƙwayoyin da ke jikinta naka ne. A juya ta a yi amfani da bayanta ko gefen ƙasanta, a kauce wa hammata da wuya. Amma rigar da aka wuni da ita a kasuwar Mile 12, ko kamfai, ko safa, wannan an yi wanka ne an koma gidan jiya. Labulen banɗaki da tsumman da aka tarar a rataye a masauki ba na ma sa su a lissafi.

Saura maganar maman yara, ta a bar su su bushe kamar kwanuka. Ba laifi ba ne barin iska ta busar da jiki. Bayan an share ruwa da hannu, tsayuwar minti biyar gaban fanka tana gama aikin a baya da ƙirji da hannuwa. Inda iska take gazawa shi ne inda fata ta haɗu da fata: hammata, ƙarƙashin mama, naɗin ciki ga masu jiki, cibiya, matsematsi, bayan kunne, da tsakanin yatsun ƙafa. Nan ne ruwa yake maƙalewa, a sa kaya a kai, a shiga zafin Legas, fata ta jiƙa ta yi fari ta fara saɓulewa. Matan da suke zuwa mini da ja da raɗaɗi a ƙarƙashin mama, suna rufe baki suna magana ƙasa-ƙasa kamar sun yi abin kunya, mafi yawansu ba ƙazanta ce ta jawo musu ba. Wasunsu sau uku suke wanka a rana. Sauri ne yake sa su sa rigar mama a kan laima. Don haka idan ɗan abin da kike da shi bai wuce hankici ɗaya ba, kada ki ɓata shi a baya da cinya, iska za ta ji da su. Ki kai shi lungunan nan.

Akwai kuma tsari: fuska ce farko, sai jiki, sai matsematsi, ƙafa ce ƙarshe, kuma abin da ya taɓa ƙafa kada ya koma sama. A dinga dannawa a hankali, ba dirzawa ba, soso ya riga ya yi nasa aikin. Inda yake da makero ko maruru a ware masa nasa ɗan ƙyalle ko tishu, a goge shi daga ƙarshe, a wanke hannu. Mai cin ruwa a ƙafa ya fara sa safa kafin ya zura kamfai, don kada kamfan ya kwaso cutar a kan hanyarsa ta hawa. Kunne kuma a karkata kai ruwan ya fito da kansa, ban da tsinken ashana, ban da gashin kaza. Idan za a shafa mai, man kaɗanya ne ko basilin, lokacin da ya fi shi ne fata tana da ɗan sanyin ruwa, musamman idan an je gida hutu cikin hunturu, inda barin jiki ya bushe ƙayau a iska yake kawo kaushi da faso. Amma ban da tsakanin yatsun ƙafa, can bushewa ake so.

Mutum uku ne ba na yarda a bar su wa iska. Na farko jariri. Ruwan da ke bushewa a fata zafin jiki yake ɗauka ya tafi da shi, jariri kuwa ba shi da ƙarfin mayar da wannan zafi da sauri, ga kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har sai jariri ya cika awa 24 da haihuwa. Duk ranar da za a yi masa wanka, a tanadi zani biyu kafin a tuɓe shi, ɗaya na gogewa ɗaya na naɗewa, a kashe fanka, a fara da kai. A buɗe naɗin wuya da na cinya a danna a hankali. Cibiya a bar ta a bushe, idan an ba da man chlorhexidine a asibiti shi kaɗai za a shafa mata, kuma kada ya kusanci ido ko kaɗan, yana iya makantarwa. Hoda ba ta maye gurbin gogewa. Idan aka zuba ta a kan laima dunƙulewa take yi a lungu, idan ta tashi sama kuma jariri ya shaƙa.

Na biyu mai ciwon sukari. Ciwon yakan rage jin ƙafa, sai fata ta tsage a tsakanin yatsu mutum bai sani ba, ƙaramin tsagu ya zama gyambo, gyambon da yake kai wasu ga rasa yatsa ko ƙafa. Shi kam ko tawul goma yake da su, ina so ya zauna ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da busasshen ƙyalle, yana gogewa yana dubawa. Idan idonsa ba ya gani sosai ko ba ya iya sunkuyawa, ɗa ko jika ya yi masa. Na uku tsofaffi. Su abin tsoron ba cuta ba ce, faɗuwa ce. Gidajen yanzu duk tayil ne, tsohuwa ta fito ƙafa a jiƙe tana neman abin goge jiki a ɗaki, santsi ya ɗebe ta, ƙugu ya karye. A kai mata zaninta banɗaki kafin ta shiga, a ajiye mata kujera, ta goge tafin ƙafa kafin ta taka waje.

Wurin da abin ya fi wuya ba a gida ba ne, a gidan mutane ne. Kin je biki Sabo ta Ibadan, an sauke ku ku takwas a ɗaki ɗaya, uwar gida ta kai miki ruwa banɗaki ta miƙo miki tawul ɗinta da hannu biyu. Karamci ne, kuma kunya ba za ta bar ki ki ce a'a ba. Na sha karɓa in yi godiya, in shiga da shi in rataye, in goge jiki da zanina, in fito in mayar mata. Ba ta ji ciwo ba, ni ma ban ɗauko komai ba. Tun daga nan zani ɗaya na musamman ba ya barin jakata, bai fi nauyin ɗankwali biyu ba. Mai zuwa jinya asibiti ta tafi da uku, don can babu wurin shanya kuma babu wanda ya san abin da ya taɓa ƙarfen gadon. Ɗalibai masu komawa makarantar kwana ma, da a saya musu ƙaton tawul ɗaya mai nauyi wanda zai yi zango guda bai bushe ba, gara ƙanana biyu marasa kauri da zani ɗaya, a rubuta suna a jiki, a ja musu kunne a kan aro.

Mu kuma masu karɓar baƙi, mu sauƙaƙa musu. Akwai gidaje da yawa da tawul-tawul na kayan aure suke cikin akwati ko a jere a durowa shekara biyar, ba a taɓa jiƙa su ba, ana jiran wata rana da ba ta zuwa, alhali mutanen gida shida suna layi a kan guda ɗaya. A fito da su. Wanda ba shi da su ya miƙa wa baƙo wankakken zani a ninke, babu wanda zai raina.

Game da wanki, abin goge jiki da mutum ɗaya yake amfani da shi, idan yana bushewa tsakanin wanka da wanka, a wanke shi bayan amfani uku ko huɗu. Idan ba ya bushewa, ko ya fara bashi, lissafi ya tashi, a wanke kawai. Gidan da makero ko ƙazuwa ta shiga, ruwan sanyi da sabulu ba su isa ba, ana son ruwan da zafinsa ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba zai iya zama a ciki ba. A tafasa ruwa a zuba a bokiti, a jiƙa kayan a rufe, sai ya huce a wanke. Abin da ba ya wankuwa, idan ƙazuwa ce, a ƙulle shi a leda aƙalla kwana uku, ƙwaron zai mutu da yunwa. Farin ƙyalle ana iya sa masa bilic kaɗan, amma kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa yana ƙona huhu. Ruwan ƙamshin nan na laushin kaya kuma a rage shi a kan tawul, yana lulluɓe zaren ya hana shi shan ruwa. Wurin shanya a baza shi gaba ɗaya a kan igiya ko bayan kujera. Ƙusar bayan ƙofa, inda yake dunƙule cikin duhu, ita ce ta ɓata tawul ɗin maman yara.

Sannan guga. A nan Kudu akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a ƙasa ko a kan kayan da aka shanya a inuwa, ya fi son waɗanda suka taɓa fitsari ko gumi, kamar zanin goyo da kayan jarirai. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda fata ta zauna, sai a ga ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, yaro yana kuka yana cewa abu na motsi. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan, yana kuma ƙarasa busar da abin da rana ta gaza. Idan babu wuta, na gawayi yana yi. Kada a shanya zanin goge jiki a ƙasa ko a kan ciyawa.

Na koma kan maman yara. Man da ta sayo har sau uku irin haɗin gambizar nan ne da ake sayarwa ko'ina, mai magani uku a ciki, ɗaya daga cikinsu sitiroyid mai ƙarfi. Shi sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, sai a ɗauka an warke, alhali ya danne garkuwar fatar ne, makeron yana ta faɗaɗa a ƙarƙashi. A jikin yara kuma yana sa fata ta yi siriri. Na karɓe fankon na ba ta clotrimazole shi kaɗai don manyan biyu, safe da yamma, a shafa har a ɗan wuce gefen tabon, makonni biyu zuwa huɗu, kuma a ci gaba kamar mako guda bayan ya ɓace. Ƙaramin na tura su asibiti, domin makeron ka yana shiga cikin gashi inda man shafawa ba ya kaiwa, sai maganin sha irin su griseofulvin na makonni shida zuwa takwas, wanda likita zai auna da nauyin yaro, kuma a sha shi bayan abinci mai ɗan maiƙo don jiki ya fi karɓarsa. Na ce a raba musu mataji, a gaya wa mai askinsu.

Na tambaye ta ko tana da tsohon zani, ta ce sun fi biyar. Na ce ta ɗauki biyu masu launi daban, ta raba kowanne uku, ta dinga ƙulla wa kowane yaro alama a gefen nasa, ɗaya yana jiki ɗaya yana igiya.

Shekaranjiya ta biyo ta gaban kantin za ta kasuwa, ta leƙo. Na wuyan babbar ya fara dusashewa, ƙaramin an sa shi a kan magani. Yaran har faɗa suke yi idan wani ya taɓa zanin wani. Sai ta rage murya ta ce saura babansu: ya ce shi ba zai goge jiki da zanin mata ba, tawul ɗinsa kuma lafiyarsa lau, ga shi kwana biyun nan tana ganin yana susar cinya. Na ce ta tafasa tawul ɗin ranar da ya fita kasuwa, ta goge shi da dutsen guga, ta saya masa ƙarami na biyu idan da hali. Shi kuma ta ce masa Malama tana gaishe shi, ya biyo ta kanti idan ya taso.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.